Ranar Da Mama Ta Sauka Pululahua

"Ko da shi kaɗai ya rage namiji a duk ƙasar Ecuador, Mireya, jikan Tipán ba zai aure ki ba."

Mama ce ta faɗa, tana kishingiɗe a kujerarta ta tsakar gida, bargon ulu a ƙafafunta. Sai da ta huta sau biyu kafin ta kai ƙarshen maganar. Tun da ciwon zuciya ya kama ta bara haka take magana, kamar mai hawan bene da tulu a ka.

Na ci gaba da tsinke busassun ganye daga tukwanen furanni, ina sauraren ƙararrawar cocin San Francisco tana kira, ta Santo Domingo tana amsa mata.

Kawu Ruperto, wan Mama, ya dire kofin gahawarsa a kan tebur.

"Uwarki na magana kina wasa da ganye? Shekararki ashirin da bakwai, ba mai ɗaure ki ya kai ki gidan wani. Amma ɗago ki dubi leɓenta, ki ga yadda ya koma shuɗi. Likita ya faɗa da bakinsa, Quito ta yi wa zuciyarta bisa, iskar saman duwatsun nan ba ta isar ta. Ga shi likitan, Fabián, yana sonki kamar ya haɗiye ki, ga gidansa a bakin teku, ga asibiti a tafin hannunsa. Ke kuwa kin liƙe wa mai ba Turawa hayar doki a cikin rami."

"Ba rami ba ne, Kawu."

"To mene ne, fada? Dutse ya yi amansa na wuta ya gaji, ya mutu baki a buɗe, mutane suka shiga cikin bakin suna shuka masara. In wannan ba rami ba ne, faɗa min sunansa."

Sunansa Pululahua. A zuciyata kawai na faɗa, amma sai na ji ƙanshin ɗanyar ciyawa da gumin doki sun taso min a tsakiyar birni.

Likita Fabián Zambrano mutumin Guayaquil ne, shi ke duba Mama tun farkon ciwon. Dogo ne, mai sanyin magana, bai taɓa shigowa gidanmu hannu rabbana ba. Da a ce yana da wani mugun hali da na samu sauƙi. Na nema har na gaji, ban samu ba.

Efraín Tipán kuwa, laifinsa tun kafin a haife shi aka yi shi. A zamanin da kakana ke da gona a Pululahua, kakan Efraín ne ke ƙona masa dutse a matoya, ya ɗoro farar ƙasa a bayan alfadarai ya hawo da ita birni. Da ita aka shafe bangon gidan nan namu. Daga baya aka raba gonar ga masu yi mata aiki, kakana ya fito daga kwarin da akwati ɗaya da baƙin cikin da ya raka shi kabari. Mama tana ƙaramar yarinya a lokacin. Ba ta sake taka wurin ba, ba ta kuma yarda a ambace shi a gabanta, sai in ita ce za ta zage shi.

"Ƙyale ta, Yaya," in ji Mama, ta juyar da fuska wajen bango. "Ni ban ce ta auri kowa saboda ni ba. A garin nan na binne ubanta, a nan za a ɗauki gawata. Ta je ta auri mai dokinta, in ya so su zo jana'iza a kan alfadari."

"Mama, don Allah..."

"Ba roƙonki nake yi ba. Ke kaɗai Allah ya ba ni. Na mai da ɗakunan ubana masaukin baƙi, na wanke zanin gadon Turawa da hannuna don ki yi karatu. Ban taɓa neman komai a wurinki ba. Yau ma ban nema ba."

Tari ya sarƙe ta. Na durƙusa na kama hannunta, sanyi ƙalau kamar dutsen tsakar gida da asuba. Ina jin yadda ƙirjinta ke neman iska yana samun rabi.

A nan na karaya.

"Ku ba ni yau," na ce. "Zan je in sallame shi da bakina. Ba zan yi masa ta waya ba."

"Yauwa, ko ke fa," in ji Kawu, ya sake ɗaukar kofinsa.

Mama ta buɗe ido ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

*

Ranar garau take, irin wadda duwatsu ke fitowa su tsaya a jere kamar an gayyace su biki. Pichincha yana hagu da motar hayar da na shiga, 'yan akwatunan motar igiya suna hawa ƙirjinsa a hankali. Can gabas Cayambe ya sa farar hularsa ta ƙanƙara.

Na jingina kai da gilashi ina ƙoƙarin ganin kaina a bakin teku. Ba tudu, ba gangara, ko'ina a shimfiɗe, rana tana faɗawa ruwa ba abin da ya tare ta. Na kasa. Duk inda na ajiye kaina a cikin hoton, sai wani tsauni ya tsiro a bayana.

A Tsakiyar Duniya, inda aka shata layin da ya raba duniya gida biyu, baƙi sun yi dafifi, kowa ya raba ƙafa a kan layin nan rawaya, ɗaya a kudu ɗaya a arewa, ana ɗaukar hoto ana dariya. Na kawar da kai. Ni na san yadda wannan tsayuwar take, kuma ba abin dariya a cikinta.

A bakin dutsen Pululahua na sauka, na leƙa. Kwarin yana kwance can ƙasa, kore shar, gonaki yanka-yanka kamar zanin da ya sha faci, hayaƙi siriri yana tashi daga rufin gidaje. Na kama gangara. Ban kai rabi ba na hango wani ɗigon ja yana hawowa. Jan mayafinsa ne na ulu, mai ƙofar wuya a tsaka, wanda ko rana ko ruwa ba ya rabuwa da shi.

"'Yar birni!" ya ƙwala min daga nesa. "Yau ba ki kawo min baƙin masaukinku ba? Ko kin sayar da su a hanya?"

Ya diro daga kan Mora, baƙar goɗiyarsa, yana dariya. Sai ya ga fuskata. Dariyar ta tsaya inda take.

Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗora ni a sirdi, ya kama ragama yana tafe a ƙasa, har muka kai tsohuwar matoyar farar ƙasa da ke gindin tudu, inda muka saba zama. Ciyawa ta cinye rabinta, furanni sun leƙo daga tsagin duwatsunta, 'yan tsuntsayen nan masu shan zumar fure suna tsaye cak a iska kamar an rataye su da zare.

"Faɗi," ya ce.

Na faɗa masa duka, ban ɗago ba har na gama.

"Likitan ne?"

"Mama ce, Efra. Numfashinta ne."

"Na tambaye ki, likitan ne?"

"Ba na sonsa, ka fi kowa sani."

"Amma za ki aure shi."

Kukan da nake riƙewa tun daga gida ya ƙwace min.

"To ya zan yi? Ta bango nake jin ta tana jan iska kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Kowace safiya sai na tsaya a ƙofar ɗakinta na kasa kunne kafin in shiga. Ka san irin wannan tsoron? In ta mutu a Quito alhali akwai inda za ta rayu, da wane ido zan dube ka? Duk ranar da na kalle ka kabarinta zan gani."

"To ki kai ta bakin tekun mana. Dole sai da aure?"

"Ta rantse ba za ta bar Quito ba sai in gidan 'yarta za ta. Ta ce ita ba za ta yi zaman haya a garin da ba ta da kowa ba, kamar wadda aka kora."

Ya miƙe, ya kai ya kawo, ya dawo ya tsugunna a gabana.

"To ni zan zama gidan. Zan sayar da dawakin, Mireya, duka. In bi ku Guayaquil, ko dako ne in yi a tashar jiragen ruwa."

"Ka sayar da Mora? Kai da ko birni ka shigo yini ɗaya sai ka fara ciwon kai? Mahaifinka Baba Melchor fa, da idonsa da ya fara tafiya, wa zai kama masa hannu? Bushewa za ka yi a can, ni kuma in zauna ina kallo. A'a, Efra. Mutum ɗaya ya ishe ni in kalla yana neman numfashi."

Ya sa gefen mayafi ya goge ido. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, sai na ji da ma ni ce na makance maimakon ubansa.

Can ya ɗaga hannu ya nuna yamma.

"Kin ga inda bangon dutsen ya tsage, ta inda gajimare ke shigowa? Daga bayansa ƙasa gangara take yi har dajin ɗumi. Gwaggo Eulalia tana da gida a Pacto, cikin gonakin rake. Iskar can nauyi gare ta, kamar ki yanka da wuƙa. In kin fito da safe, kafin rana ta take kina Quito. Gidan babba ne, ita kaɗai ce a ciki. Tun da kika faɗa min ciwon na yi mata magana, ta ce ɗakin gabas na uwarki ne in tana so."

Na yi dariya a cikin kuka.

"Mama ta kwana a gidan Tipán? Sai dai a kai ta a ɗaure."

"Kin tambaye ta?"

"Ba sai na tambaya ba."

Rana ta karkata, gajimaren ya fara shigowa kamar yadda yake yi kullum. Da fari wani siririn farin zare ne ya ratso tsagin dutsen, yana lalube kamar baƙon da bai san ƙofa ba. Sai ya yi faɗi. Ya haɗiye gonar masara, ya haɗiye shanun da ke kiwo, ya haɗiye gidaje ɗaya bayan ɗaya, har sai da carar zakara ta riƙa zuwa mana daga inda babu komai. Raɓa ta sauka a gashin idona.

Ya cire mayafinsa ya yafa min. Na ce a raina, in Allah zai tsai da duniya, to ya tsai da ita a nan. Ba Quito, ba teku, daga ni sai ɗumin ulu da hucin goɗiya a bayanmu.

"Da ma kada ya tashi," na ce.

"Gajimaren?"

"Mu zauna a cikinsa har mu tsufa, a neme mu a rasa."

"Ke? Yunwa ce za ta fito da ke, na san ki sarai. Baba ya yi alalen masara, tun ɗazu nake ganin hancinki yana motsi."

Na kai masa duka a kafaɗa. Ban sauke hannun ba muka ji hon ɗin mota daga cikin farin, wani irin kuka kamar na tsohon bunsuru.

Mota ɗaya ce a duk Quito ke wannan kukan.

*

A ƙofar gidansu Efraín muka iske ta, tsohuwar motar Kawu, taɓo har gilashi. Ta hanyar ƙasa da ke zagayowa ta bayan dutse suka sauko. Kawu yana tsaye ya harɗe hannu. Fabián yana gefe da jakarsa, fuskarsa ba walwala.

Mama kuwa tana tsakiyar gidan, da baƙin mayafinta na zuwa coci, ta dogara sanda.

"Mama! Me ya kawo ki nan?"

"Na ga idonki da safe," ta ce. "Ba idon mai sallama ba ne. Na zo in taya ki."

Idonta ya sauka a kan jan mayafin da ke kafaɗata. Na cire shi da sauri na miƙa wa mai shi.

Fabián ya matso, ya rage murya.

"Na hana ta, Mireya. Da ta ƙi ji, na ga gara in biyo ta da in bar ta a hanyar nan ba likita."

Baba Melchor ya fito daga ɗakin girki yana dafa bango. Ya tsaya ya karkata kunne, sai ya cire hula.

"Wannan muryar... Amparito? 'Yar maigida ce?"

"Doña Amparo," Mama ta gyara masa da sunanta na girma.

"Allah mai iko! Ni ne Melchor, wanda ke ɗora ki a kan alfadari, in an sauke ki ki yi ta birgima sai an sake zagayawa da ke. Shigo, shigo daga cikin raɓar nan, akwai ruwan kirfa a wuta."

"Ban zo shan komai ba."

Ta juya ga Efraín, ta dube shi tun daga hula har takalmin roba.

"Kai ne?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"To ka ji da kunnenka. Kakanka da ubanka sun karɓi gonar ubana, ban ce komai ba. Kai ba za ka karɓi 'yata ba."

"Ranki ya daɗe, maganar gona ba na nan aka yi. Mireya kuwa ba karɓa zan yi ba, roƙo nake yi. In ciwonki ne, gwaggona tana da gida a Pacto, can ƙasa cikin ɗumi, ta ce..."

"Kai, rufe mana baki!" Kawu ya daka masa tsawa. "Ƙanwata ce za ta koma cin arziƙin masu jan alfadari? Mireya, shiga mota."

Mama ba ta jin su. Gajimaren ya ɗan yaye a gefen shinge, ya buɗe wata ƙatuwar bishiyar capulí, rassanta suna ɗigar ruwa. Ita ta ƙura wa ido.

"Melchor," ta ce, muryarta ta canza. "Bishiyar can..."

"Ita ce, wadda mahaifiyarki ta dasa. An sha cewa in sare ta, wai tana tare wa masara rana. Na ce ba da gatarina ba."

Mama ta yi taku ɗaya wajenta. Ta miƙa hannu kamar za ta taɓa ta daga nesa.

Sandar ce ta fara faɗuwa. Sai ita ta bi ta.

*

Efraín ya riga kowa tare ta kafin kanta ya kai ƙasa. Fabián ya durƙusa a cikin taɓo da farin wandonsa, ya sa mata ƙwaya a baki, yatsunsa a wuyanta.

"Asibiti," ya ce. "Yanzu. Abin da take buƙata ba ya cikin jakata."

Aka shimfiɗe ta a kujerar baya, kanta a cinyata, Fabián ya tsugunna a gefe. Kawu ya tayar da mota, ya kunna fitila. Hasken ya bugi farin bango ya dawo mana. Gajimaren ya sake rufewa, ya fi ɗazu kauri. Hanyar kuwa na san ta: siririya, kwana bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, ɗaya gefen ba komai sai faɗuwa.

Kawu ya juyo gare mu.

"Ko hancin motar ba na gani. Wallahi in na motsa sai mun gangara."

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Efraín ne, ya riga ya hau Mora, ya sunkuyo daga sirdi.

"Don Ruperto, kada ka nemi hanya. Mayafina kawai za ka duba. Inda ja ya yi ka yi, in na ɗaga hannu ka taka birki."

Kawu ya buɗe baki zai yi magana.

"Ka bi shi, Don Ruperto," in ji Fabián, bai ko ɗago ba.

Muka kama hanya.

Har yau in na rufe ido ina ganin tafiyar nan. Ba sama, ba ƙasa, ba bishiya, ba dutse. Goɗiyar ma ba a ganinta. Wani jan abu ne kawai yake yawo a cikin farin, ya yi dama mu yi dama, ya yi hagu mu yi hagu, kamar mun shiga mafarkin wani muna binsa don kada mu ɓata. Daga gunjin inji sai numfashin Mama, kowane ɗaya sai na taya ta jansa.

Can ta buɗe ido, ta dubi farin da ya cika tagogi.

"Mireya... na mutu ne?"

"A'a, Mama, gajimare ne."

"Jan can fa? Mene ne?"

"Efraín ne."

Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta mai da ido ta rufe.

Mun kusa ƙarshen hawan, a wata kwana da ruwa ya zaizaye, na ji haniniya. Jan ya karkata, ya yi ƙasa, ya ɓace.

Na ƙwala ihu. Kawu ya taka birki har muka yi gaba.

Fari fat. Ba komai.

"Efra!" na kira, na kama murfin mota zan buɗe.

"Mireya, riƙe mata kai," in ji Fabián. Muryarsa a sanyaye take, amma na ga yadda shi ma ya kafe gilashi da ido.

Sai jan ya taso. Bai kai tsayin ɗazu ba. A ƙasa yake yanzu, ya cire mayafin ya ɗaga shi sama da hannu biyu kamar tuta, yana gudu yana ɗingishi. Muka wuce Mora a gefen dutse, ta miƙe tana rawar jiki, tana kiran mai ita.

"Ya bar dokinsa," in ji Kawu a hankali, kamar da sitiyari yake magana.

Ban san tsawon gudun da ya yi ba. Na dai san cewa farin ya fara zama ruwan zinariya, sai kawai rana ta faɗo mana a fuska. Mun fito. A bayanmu gajimare ya cika kwarin maƙil har baki, a kwance lumui kamar madara a ƙwarya, kawunan duwatsu suna leƙowa daga cikinsa. Ga kwalta a gabanmu.

Efraín ya ja gefe, ya dafa gwiwoyi yana haki, jini ya jiƙa ƙafar wandonsa. Ya ɗago hannu ɗaya ya yi mana alamar mu wuce.

Kawu ya taka mota. Na juya ina kallonsa ta gilashin baya, har ya koma ɗigo, har kwana ta raba mu.

*

Washegari da hantsi Mama ta farka sosai, robar iska a hancinta. Likitoci sun ce an tsallake. Ta tagar ɗakin ana hango tudun Panecillo can nesa, mutum-mutumin Maryamu mai fukafukai yana ƙyalli a kansa. Kawu ya tafi gida wanka, tun jiya bai haɗa ido da ni ba.

"Mireya."

"Na'am, Mama."

"Goɗiyar ta mutu?"

"A'a. Gwiwa ta ƙuje, maƙwabta sun kai ta gida."

"Uhm."

Ta kama murza gefen bargo. Na zaci barci ya sake ɗaukarta.

"Garin nan da ya ambata. Na gwaggon tasa."

Na matso kusa da ita.

"Pacto."

"Akwai coci?"

"Akwai, Mama."

"Sauro fa?"

"Akwai... da ɗan yawa."

"Haka na zata. Komai nasu sai da cizo."

Na toshe baki da hannu, ban san ko dariya ce za ta fito ko kuka ba. Sai na ji gyaran murya. Fabián ne a bakin ƙofa, da farar rigarsa, idonsa ja alamar bai runtsa ba. Ya ji komai.

"Ki gafarce ni, Doña Amparo. Ba zan yi miki ƙarya ba, iskar can za ta yi wa zuciyarki daidai. Amma babu likitan zuciya a dajin nan. In abin jiya ya sake faruwa, hanyar da nisa."

Ya juyo gare ni.

"Ni kuma ban janye ba, Mireya. Mutumin jarumi ne, na gani da idona. Amma ni ma ban fara sonki don in bari ba."

Na sunkuyar da kai. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

"To ai shi ke nan," in ji Mama. "Sai ka riƙa saukowa kana duba ni. Ni ban ba kowa 'yata ba tukuna, kada wani ya fara rawa. Kai ka riƙe min jijiya, shi ya riƙe min hanya, ni kuma ban makance ba. Zan je in sha iska, in sa ido, mu ga wanda zai fara gajiya."

Ta huta, ta ja numfashi, sannan ta nuna taga da haɓa.

"Ke, leƙa can. Tun safe nas ke min mita wai wani mai jan mayafi ya tare musu ƙofa, ya ƙi zama, ya ƙi tafiya."

Na leƙa. Yana tsaye a gindin bishiya, hula a hannu, ƙafa ɗaya a ɗage, yana bin tagogin asibitin da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ki ce masa ya hawo," in ji Mama. "Amma ya fara kankare taɓon takalminsa, kada ya ja min magana."

Na nufi ƙofa. Fabián bai matsa nan da nan ba. Ya dube ni, wani guntun murmushi mai ciwo ya zo masa, sannan ya ja gefe a hankali.

"Ki ce ya biya ta ɗakina in ɗinke masa gwiwar nan," ya ce. "Ba na so a ce gurgu na kayar."